Hannun Jarina a Kamfanin Sabulu

Muna aji biyar na sakandare a Jos, malamin kasuwanci ya kawo mana wani wasa. Ya ba kowa jari na wasa a takarda, ya ce mu sayi hannun jari. Duk Litinin yakan manna shafin farashi na jarida a allo, mu duba.

Lokacin bankuna ake yayi, duk ajin can suka zuba nasu. Ni kuwa na zaɓi kamfanin sabulu, domin sabulunsa mahaifiyata ke sayarwa a kasuwar Kwararafa, kuma katan ba ya kwana bakwai a shagonta.

Bankuna suka yi ta hawa, nawa yana rarrafe. Malam ya kira ni gaban aji ya ce, "Ki sayar, ki bi 'yan'uwanki."

Na ce, "Malam, kai ka ce kada mu sayi abin da ba mu sani ba. Ni ko ƙofar banki ban taɓa shiga ba."

Aka yi dariya, ya ce in zauna. Ni na zo ta ƙarshe a zangon. Da aka sake wasan, ban canza kamfani ba.