Keken Ɗinkin Maƙwabciyata

A shekarar da aka harbe shugaban Amurka, muna zaune a gidan wan mijina a Dogon Dutsi. Shi kaɗai ke da rediyo a unguwar. Ran da labarin ya iso ya ƙi cin tuwo, yana ta faɗin wai tausayi ya ƙare a duniya.

Ba a daɗe ba gwamnati ta samu saɓani da Dahome, aka ce mutanensu su bar ƙasar. Maƙwabciyata 'yar can ce, matar malamin lakwal, wato makarantar boko, ita ta koya mini ɗinki. Ina taya ta ɗaure kaya, sai ga wan mijina ya shigo ya sungumi kekenta.

Ta ce, "Malam, ai nawa ne."

Ya ce, "Ke da aka kora? Abin ƙasarmu ba ya fita."

Na tare ƙofa, ya bangaje ni ya wuce. Mijina na tsaye, bai hana shi ba.

Keken ya tsufa a ɗakin matar wan mijina. Ban taɓa sa tufar da aka ɗinka da shi ba, kuma har mutumin nan ya mutu, gaisuwata gare shi iyakarta baki.