Muƙamuƙin Baba Hambali Mai Ɗori

Shekara talatin da ɗoriya Baba Hambali yana ɗorin karaya a Gude, kuma bai taɓa yarda da likita ba. Ni ce 'yarsa Zubaidatu, na san halin kayana. Ko goro ka ba shi sai ya jujjuya shi kafin ya kai baki.

Da ƙari ya fito masa a muƙamuƙi, sai da ya kasa tauna tuwo sannan ya yarda muka je asibitin Gwarzo, daga can aka tura mu Kano. Likitoci suka cire ƙashin da ya lalace, suka ce sun yanko siririn ƙashin ƙwaurinsa na hagu sun gyara gurbin da shi. Aiki ya yi kyau, fuska ta dawo. Mu muna hamdala, shi yana hararar kowa.

"Ƙarya ce," in ji shi. "A cire wa mutum ƙashi a ƙafa kuma ya taka? Ni za a gaya wa ƙashi? Na gawa suka sa mini."

Na nuna masa hoton ƙashin, ya ce wa ya san ko na wani ne. Ƙafar kuwa ko kallonta ba ya yi, wai sun tsaga ta ne kawai don su rufe masa ido. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina ɗori. Ɗorinsa ba ya tafiya sai da tofi, ya rantse ba zai tofa ayar Allah da bakin da bai san mai shi ba. Wata huɗu ana kawo masu karaya yana mayar da su.

Ranar da aka kawo Inna Altine mai nono da karyayyen hannu, tana kuka a zaure, haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Baba, ba ka yarda da likita ba, ba ka yarda da ni ba. Yatsunka fa? Su ma maƙaryata ne?"

Ya zuba mini ido kamar zai mare ni. Can sai ya janye wando, ya ɗora babban yatsa a gefen ƙwauri, ya bi shi a hankali yadda yake wa masu karaya. Ƙasa da gwiwa kaɗan yatsan ya nutse. Ya sake bi. Ya laluba ƙafar dama, ya dawo ta hagu. Ni kaina tsoro nake kada ya ce ƙashin yana nan.

Ya kama haɓarsa, hawaye na bin tabon aikin.

"Nawa ne," ya ce. "Ashe nawa ne."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga murya: "Altine, daina kukan nan. Miƙo hannun, bismillah."