Tasi'u Mai Rediyo da Na'ura Mai Magana

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Gwarzo ya san Tasi'u. Shagonsa na bayan tasha ƙarami ne kamar akurki, shi kuma dogo, don haka rabin rayuwarsa a duƙe ya yi ta. Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa dai shi ne ba ya yarda a fi shi baki. In ka ce masa shayi ya yi zafi, sai ya nuna maka harshenka ne bai ƙware ba.

Da wayoyi suka cinye kasuwar rediyo, sai ya koma gyaran fanka mai caji da fitilun sola. A cikin tarkacen nan ne ya haɗa ɗan jirgin ruwansa na farko, da injin fanka da batirin fitila da rimot ɗin motar wasan yara, gangar jikin kuwa jarka ya yanka. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ya ɗaure shi a bayan babur ya nufi Dugabau, can ƙasar Kabo, don ya nuna wa Abdulmumini. Ba zumunci ne ya kai shi ba, tsokana ce.

Abdulmumini ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, mai gyaran injin ban-ruwa. Tun suna yara ba su taɓa yin gaisuwa irin ta mutanen kirki ba. Tasi'u yana kiransa Kunkuru, shi kuma yana kiran Tasi'u Kashe-Rediyo. Ko wurin ta'aziyya suka haɗu, sai an raba musu tabarma. Wata bai zagayo ba Abdulmumini ya ƙera nasa jirgin da guntun kwanon rufi, ya aika a gaya wa Kashe-Rediyo ya zo ya sha kunya.

Daga nan kowace Asabar bayan la'asar suna bakin dam ɗin da ke kusa da Dugabau. Rimot ɗinsu iri ɗaya ne, in an kunna su tare sai na wannan ya riƙa juya jirgin wancan. Dole sai ɗaya ya gama ɗaya ya saki nasa, a auna gudun da ido. To ina ido zai raba gardamar taubasai? Wannan ya ce iska ce ta tura na wancan, wancan ya ce kifi ma ya wuce na wannan. Masunta da masu noman rani su kewaye su suna dariya, har magariba ta kore su. Shekaru suka yi a haka ba a san gwani ba.

Sannan yanar ido ta fara rufe wa Abdulmumini gani. Ya bar wa 'ya'yansa aikin inji, ya daina zuwa kasuwa, ya zamana fitarsa ɗaya ce a mako ban da masallaci, wato ta Asabar. Jirginsa ba ya nisa da gaɓa, da kunne yake bin sa, amma bakinsa yana nan daram. Ran nan a gaban jama'a ya ce, "Kashe-Rediyo, ko ido a rufe na fi ka!" Aka tuntsire da dariya. Tasi'u ma ya yi, amma ta ciki na ciki.

Washegari ya kira 'yarsa Naja'atu, wadda ke koyar da kimiyya a Kano, ya ce ta nemo masa abin auna gudu. Ta turo masa hotuna biyu a waya. Ɗaya kamar bindigar wasa take, ana riƙe ta a bakin ruwa a saita jirgi, lamba ta fito a ɗan gilashi wanda mai riƙon kaɗai ke gani. Ɗayar kamar kwalin ashana, ana ɗaura ta cikin jirgi, ta aika wa waya, wayar ta faɗi gudun da murya.

"Baba, ka ɗauki ta hannun," in ji Naja'atu. "Abin da ka gani, kai kaɗai ka gani."

"Don Kunkuru ya ce ƙarya nake yi, shi bai gani ba? Turo mai maganar."

"Baba Mumini fa ba shi da lafiyar ido."

"Ai kunnensa ƙalau ne."

Wannan kalma ita ce har yau take hana Tasi'u sakewa. Ba kuskure ya yi ba, da saninsa ya zaɓa, kuma har lasifikar shago ya ɗauko ya haɗa da wayar don kada na baya su ce ba su ji ba.

Aka ɗaura na'urar a jirgin Tasi'u, ya keta ruwa, muryar wata Baturiya ta faɗi lamba, wani malamin firamare ya fassara: ashirin da takwas. Aka mayar da ita jirgin Abdulmumini. Muryar ta ce goma sha ɗaya. Tasi'u ya gyara tsayuwa yana jiran a ce Baturiyar dangin uwarsa ce, ko ya ba ta goro. Amsa ma ya tanada. Amma sai Abdulmumini ya lallaɓa ya ciro jirginsa, ya goge shi da bakin riga. Babu wanda ya yi dariya, masunta suka koma kan komarsu.

Asabar ta zo Abdulmumini bai zo ba, wata ta sake zuwa haka. Tasi'u ya ga abin ba na wasa ba ne, ya tafi Dugabau. Gwamma matar Abdulmumini ce ta yi masa magana daga bayan ƙofar zaure.

"Malam Tasi'u, shi fa ya daɗe da sanin naka ya fi gudu. Musun ne yake fitar da shi daga ɗaki. Yanzu da me zai je?"

Kunya ta kama Tasi'u har ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ya yi ta lallashi, ya ce na'urar ce ba a saita daidai ba, a zo a sake. Da ƙyar Abdulmumini ya amsa.

Tasi'u ya ɗauka dabara za ta gyara abin da taurin kai ya ɓata. Ran Asabar ya cire batirinsa mai kyau ya sa wani da ya kusa mutuwa. Jirgin ya ja jiki kamar mai ciwon baya, muryar ta ce tara. Ya ɗaga hannu sama yana ihu, "Kunkuru ya ci! Jama'a ku shaida, ya kayar da ni!"

Abdulmumini ya karkata kai yana sauraron kukan injin har ya mutu. Mutumin da ya yi rayuwarsa da injuna ba a yi masa wannan wayon.

"Tausayina kake ji," ya ce a hankali.

Abdulmumini ya miƙe, ya lalubo hannun Tasi'u ya riƙe da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, yadda ake yi wa baƙo mai daraja.

"Malam Tasi'u, na gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri. A gaida mutanen gida."

Har yanzu Tasi'u yana zuwa Dugabau duk Asabar. Ana shimfiɗa masa tabarma mai kyau, a kawo masa fura, Abdulmumini ya tambaye shi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da kasuwa, da gajiyar hanya. Shi kuma ya zauna yana amsawa, yana roƙon Allah a zuci mutumin nan ya zage shi ko da sau ɗaya.