Bidiyon da Ya Hana Yaya Nafi'u Kwanciya

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana Nafi'u, mai sayar da albasa a kasuwar Mile One ta Fatakwal. Na so a bana in rubuta ta'aziyya mai sanyi kamar yadda aka saba, in ambaci kirkinsa in yi addu'a in ajiye biro. Abin da ya faru makon jiya ya hana ni.

A Fatakwal aka haife mu, ni da shi. Da aure ya kai ni Abakpa Nike a Inugu, sai waya ta zama zaurenmu. Yaya mutum ne mai kunne. Kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya turo min wani abu: tsohuwar waƙar garaya da ya tono ban san daga ina ba, ko kiɗan jita na Inyamurai da ya ji a rumfar maƙwabcinsa ya bi diddigi har ya samo. Ba ya turowa haka kawai. Zai biyo da saƙo ya ce, "Hajara, ki jira wajen minti na biyu, inda muryar tsohon take karyewa." In na jira kuwa, sai na iske hawaye a fuskata ina tsaye a kan tukunya.

Haka yake da bidiyo. Wani maginin tukwane a wata ƙasa mai nisa yana juya yumɓu har ya zama tulu. Garken kifi yana jujjuyawa a teku kamar hayaƙi. Ruwan sama yana sauka a gonar dawa, ba magana ba kiɗa. Na taɓa yi masa tsiya na ce, babban mutum da kai kana kallon laka. Ya ce wanda ya wuni cikin hayaniyar Diobu, unguwar da kasuwarsu take, da warin ruɓaɓɓiyar albasa, dole ya nema wa idonsa wurin hutawa. Bai taɓa turo min hoton gawa ba, ko faɗa, ko tonon asirin wani. In aka jefo irin wannan a zauren 'yan kasuwarsu na waya, yakan ce, "Wannan ɗan wani ne fa." Suna masa dariya, suna kiransa Liman.

Ranar da ya rasu, da hantsi ne. Yana kan okada, wato acaɓa, zai je duba kaya, babbar mota ta ƙwace ta buge su. Bai cika nan take ba. Ya daɗe kwance a bakin titi, jama'a sun yi masa zobe, kowa da waya a hannu. Ban ji wannan a bakin kowa ba, da idona na gani, domin kafin a kira ni daga gida, wata maƙwabciyata ta riga ta turo min bidiyon da rubutu a ƙasa: wani bawan Allah a Fatakwal. Na gane hularsa kafin in gane fuskarsa.

Ana jin muryarsa yana neman ruwa. Ana jin sa yana kalmar shahada. Abin da ba zan yafe ba shi ne muryar da ke bayan wayar, da Hausa tsantsa, tana cewa, "Zagayo ta nan, ta nan ya fi fitowa." Namu ne. Mutanen da muke sahu ɗaya da su, waɗanda in rikici ya tashi a kudun nan muke ɓuya ɗaki ɗaya. Wadda ta ture su ta shiga wata Inyamura ce mai sayar da lemo. Ta kwance zanenta na sama ta danne masa rauni, tana ihu da Turancin kasuwa, "Una no go carry am?" wato ba za ku ɗauke shi ba? Kafin a samu keke mai ƙafa uku da zai kai shi asibiti, lokaci ya ƙure. Shure-shure ba ya hana mutuwa, na sani, kwanansa ne ya ƙare. Amma ajali daban, wulaƙanci daban.

Mun roƙi mutane su goge. Dattawan kasuwa sun yi magana bayan sadakar uku, kowa ya ce to. Ashe iska muka ɗaure. Bidiyon ya je Onica, ya je Kano, ya dawo. Wani ya ɗora masa waƙa mai tausayi, ya rage masa gudu daidai inda Yaya ya ɗaga hannu, don ya fi taɓa zuciya. Mahaifiyarmu ta daina riƙe babbar waya har ta koma ga Allah, saboda tsoron kada ta buɗe ta ci karo da ɗanta.

Makon jiya, a zauren matan unguwarmu, inda muke tura wa juna waƙoƙin biki da girke-girke, wata amarya da aka kawo bara ta sake jefo shi. Ta rubuta cewa duk mai imani ya kalla, ita sai da ta yi kuka. Mata suka bi da Allah sarki, Allah sarki. Na kira ta, na gaya mata ko wane ne. Ta ce, "Wallahi Anti ban san ɗan'uwanki ba ne." Na ce, "Da ɗan'uwan wata ne fa?" Ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. A ganinta wa'azi ta yi.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai tarar wayoyi sun fi na zamaninsa kyau, kowane mai turin baro yana da tasa. Zai tarar mun koyi son kuka kamar yadda ake son yaji a miya: mu kalli mutuwar wani, mu share hawaye, mu wuce zuwa na barkwanci. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mu ganin muke so, tsoron Allahn mun bar shi a baya. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ni ce ba ni da haƙurinsa.

Rumfarsa tana hannun wani yanzu. Abokansa da yawa sun koma Arewa. Abin da ya rage nasa na gaske ita ce Nana, 'yarsa, wadda ya bari tana shekara huɗu. Ta ɗauko tafiyarsa, ta ɗauko yadda yake karkata kai in ana masa magana, kuma ba ta iya wuce almajiri ko mahaukaci a hanya ba ta dube shi da mutunci ba. An gaya mata hatsari ne, ba ta san akwai hoto ba. Nan da 'yan shekaru za ta riƙe waya.

Don haka ba ta'aziyya nake nema a bana ba. Duk wanda yake da bidiyon nan, a Fatakwal yake ko Onica ko Inugu, ya goge shi yau, kafin ya isa hannun yarinyar nan. Ina so ta san ubanta a tsaye. Allah Ya haskaka makwancinka, Yaya, Ya suturta ka a can fiye da yadda muka suturta ka a nan.