Ranar da Inna Hajara Ta Ce Babu Sauƙi

Salamu alaikum jama'a. Wata tara ban leƙo nan ba, har wasu suna tambayar ƙanwata ko na bar Makka. Ina nan unguwar Mansur, numfashi ne ya so ya gagare ni.

Mu mata goma sha biyu wani kamfani ya ɗauka wanke gidajen alhazai a Aziziyya. Aka ba mu ruwan wanke banɗaki a jarka marar suna, ba takunkumi, tagogi a rufe.

Tari ya fara, na ce mura ce. Sai ranar da na kasa hawa bene ɗaya, na zube a matakala ina haki.

Hoton ƙirji, gwajin numfashi, kwana goma sha ɗaya da robar iska a hanci. Magani ya cinye 'yan kunnena na zinari. Wallahi na tsorata. Likita ya ce, "Huhunki ya ƙone. Ke kaɗai ce a aikin?"

Ashe duk muna tari! Amma kun san mu, kowa aka tambaya jiki sai "da sauƙi".

Na je wurin wani lauya, ya ce mini, "In kin shiga ke kaɗai, za su ce ciwonki ne tun da. Ku haɗa ƙara guda, tunda kamfani ɗaya ne, dalili ɗaya. Kowa ta kawo takardar likita, ku wakilta mutum ɗaya. Alƙali takarda yake dubawa."

Na bi su gida-gida da abin shaƙa a jaka. Babbarmu Inna Hajara, wadda ta fi kowa jin jiki, ta ƙi.

"'Yar nan, ni in kai ƙara a garin Ka'aba? Na bar su da Allah."

"Inna, bana ma jarkar nan za su miƙa wa wasu matan."

Ta ɗaga katifa ta zaro takardarta.

Sulhu ya ci tura, kotu ta karɓi ƙararmu a haɗe, ni ce wakiliya. Ta waya aka yi zaman, muna jere a falona. Lauyan kamfani ya ce ɗan tari ne kawai. Alƙali ya yi wa Inna ya jiki da Larabci, "Kef halik, ya hajja?"

Na ce shi ke nan, "da sauƙi" za ta ce. Na san bakinta.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Amma babu sauƙi. In na yi sujada sai an ɗaga ni."

An ɗora wa kamfanin jinyarmu duka, jarkar kuma ta bar aiki. Ina alfahari da matan nan, ba zan ɓoye ba.

Juma'ar da ta wuce na yi ɗawafi da ƙafata. Ni na tura keken Inna, zagaye bakwai cif.

Na gode wa Allah, da ƙanwata, da duk wanda ya zo dubiya. Ku adana kowace takardar asibiti. Ku tambayi abokan aikinku ko jikinsu irin naku ne. In an ce ya jiki, ku gode wa Allah, sannan ku faɗi gaskiya.