Ƙwayar da Baba Yake Rabawa Biyu

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da na zo goyon ciki gidanmu a Dakoro ba, ba da jimawa ba bayan Turawa sun tafi. Na tarar da Baba a rame, kullum hannu dafe da ƙeya. Majo, babban ma'aikacin asibitin garin, ya ɗaura masa abin awo a damtse ya ce hawan jini ne, tansiyonsa ya kai ashirin, sai ya sauko goma sha huɗu hankali zai kwanta. Ya ba shi ƙwaya, guda kullum da safe.

Tsoro ya kama ni sosai, don yayan Baba haka ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har ya rasu. Inna ta rage gishiri a miya, ni kuma nake miƙa masa ƙwayar a zaure in koma cikin gida. Amma wata uku ana awo, abu ya tsaya a sha takwas. Majo ya harare ni ya ce, "Anya yana sha kuwa?" Na fusata, na ce da hannuna nake ba shi.

Wata ranar kasuwa na kai fura zaure, sai me zan gani! Baba ya ɗauko 'yar wuƙar da yake fasa goro, ya raba ƙwayar biyu, yana zuba rabi a wani ƙyalle. Amininsa, wani tsohon Bafillace daga Korahane da muke kira Baffa, yana zaune yana jira. Ashe rabin kowace safiya nasa ne, ranar kasuwa yake zuwa karɓa.

Na ce, "Haba Baba! Kashe kanka za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗiyata, shi ma kansa na sara masa. Shekara talatin ban taɓa cin goro a gabansa ban fasa masa ba. Yau don na sami magani sai in ɓoye?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, wallahi sai kuka ya zo mini. Baffa ya rikice, yana ta tura ƙyallen yana cewa shi bai san rabon ran amininsa yake ci ba.

Ran nan na tasa su gaba har wurin majo. Da aka auna Baffa, nasa ma ya hau. Majo ya riƙe baki ya ce, "Tsofaffi, rabi bai warkar da kowa ba a cikinku." Ya ba kowa nasa.

Kafin in gama wankan jego, tansiyon Baba ya sauko sha huɗu. Shi ya yi wa ɗana huɗuba, shi kuma ya ɗaura masa aure da ya girma. Tun daga nan na gane magani ba goro ba ne. In kana son mutum, kar ka fasa masa naka, kama hannunsa ka kai shi a auna shi.