Zanen Ankon Inna

Ranar wata Talata ce, a watan farko na shigata kolej, ana tsaka da yankan shinkafa a fadamar bakin kogi. An kaɗa ƙarfen shan iska, mun fito mun zauna gindin dogon yaro kusa da mai fari masa, sai Zalika ƴar ajinmu ta zaro salular wanta daga cikin hijabi. A wancan lokacin salula mai ɗaukar hoto sabon abu ce a Gaya, wanda ya riƙe ta kuwa sai an kewaye shi. Muka haɗa kawuna muka yi mata inuwa don kada mushe, wato malaminmu, ya hango. Ta nuna mana maraƙi mai kai biyu, da kamiyon da ya kife a hanyar Dosso, da wani kifi mai tsawon mutum. Sannan ta rage murya ta ce ga wanda ya fi duka. Hoton wata mata ce, ba a ga fuskarta ba, ta ɗaga hannu, ga wani kumburi mai ƙyalli tun daga hammata har gefen ƙirjinta. Zalika ta ce wai ƴar Gaya ce, wai ta dafa Alƙur'ani ta rantse bisa ƙarya, shi ne Allah ya nuna mata tun a duniya. Sauran suna ta a'uzubillahi, ni kuwa ba kumburin nake kallo ba. Zanen da matar ta riƙe a ƙirji nake kallo, shuɗi mai fitilu ruwan ɗorawa. Jiya-jiya na wanke shi na shanya a igiyar gidanmu.

Gidanmu yana bayan tasha, inda ƙarar kamiyoyi ba ta yankewa. Baba direba ne, yana ɗauko kaya daga Kwatano ya haura da su Yamai. Inna kuma tuwon shinkafa da miyar kifi take yi wa direbobin da ke jiran takardun duwan, wato kwastan, amma ba ta taɓa zama bakin titi ba, daga cikin gida ake ɗauka. Mace ce mai tsananin kunya. Ko mu da ta haifa ba mu taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, in za ta yi wanka sai ta kore mu waje mu yi ta carafke a ƙofar gida har ta gama. Ni ce babba, ni ke ɗebo ruwa a pampo da safe, in tsince shinkafa, in kankare kifi, in kai niƙa kafin in ɗauki jakar lakwal in tafi makaranta. A daminar shekarar nan ciwo ya kama ta. Ta ɓoye shi har sai da ta kasa ɗaga muciya, tukunyar tuwo ta koma hannun Gwaggo Fati, yayar Baba, wadda ke zaune maƙwabtanmu tun rasuwar mijinta.

Baba ne ya ɗauki hoton, da sabuwar salular da ya sayo a Kwatano. Wani abokin aikinsa ya ce masa akwai likita a Yamai da zai duba hoto ya faɗi ko a kawo ta ko a yi magani a gida, kada a wahalar da ita a hanya a banza. Inna ta daɗe tana ƙi. Da ta yarda, sai da ta sa sharaɗi: ban da fuska, kuma da likita ya gani a goge. Baba ya yi mata alkawari. Kafin ya tashi zuwa Yamai sai tausayinta ya kama shi, ya ga tana kwance ita kaɗai ba abin da ke ɗebe mata kewa, ya cire ɗan kart ɗin ajiya da ke cikin salular ya kai rumfar Idi mai caji a tasha, a zuba masa karatun Alƙur'ani ya kunna mata. Idi ne kaɗai mai ordinatar, wato kwamfuta, a unguwarmu. A ganin Baba zuba karatu a kart kamar zuba mai a tanki ne, abu yana shiga, ba abin da ke fita. Likita ya gani, Baba ya goge hoton a gaban Inna, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ban san yadda na ƙarasa darasin ranar ba. Da aka tashi na baro ƙawayena a baya, ban tsaya wajen masu muruci ba kamar kullum. Na shiga gida na tarar da Inna zaune kan tabarma a inuwar mangwaro, da zanen a jikinta, mata biyu sun zo dubiya suna yi mata sannu. Zanen ankon bikin ƴar mai unguwa ne, kusan duk matan layinmu sun saya shekara biyu da suka wuce, amma kowa ta ninke nata ta jefa a adaka. Inna kaɗai ke ɗaura shi kullum tun da ta kwanta, don ya sha wanki ya yi laushi, ba ya gogar mata ciwon. Duk wanda ya shigo gaishe ta a cikinsa ya gan ta. Ta dube ni ta ce me ya sami idona, na ce ƙurar alli ce. Na ajiye jaka na zagaya gidan Gwaggo, na same ta tana kwaɗa zogale, na faɗa mata a tsaye. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ce in wuce gaba.

Mun sami Baba a tasha yana duba tayoyi. Gwaggo ta ja shi gefe, ta faɗa masa, na ga ya dafa jikin kamiyon. Muka nufi rumfar Idi, wata ƴar bukkar kwano cike da wayoyi a jere suna shan wuta, injin janareta na ƙugi a baya. Idi ba mugun mutum ba ne, kuma da ya fahimci ko hoton wa ake nufi sai ya ajiye wayar da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Ya ce haka kowa ke aikin: duk kart ɗin da aka kawo sai ya fara kwashe abin da ke ciki ya ajiye a ordinatar, don kada wani abu ya ɓace a ce shi ne. In ya ga abin mamaki a ciki sai ya jefa shi inda yake tara irinsu, saboda masu zuwa zuba waƙa ko wa'azi sukan ce a ƙara musu da abin kallo. Ya rantse bai san ko wace ce ba, kuma maganar rantsuwa da Alƙur'ani ba daga bakinsa ta fito ba, a hanya aka ɗora ta. Ya nemo hoton, Baba ya kau da kai, Idi ya goge.

"Sauran da suka ɗauka fa?" in ji Baba. "Ka kira su su dawo."

"Baba Amadu, ba su dawowa," in ji Idi. "Wasu suna Kamba, wasu sun ƙetare gadar kan iyaka, har ƴan Yelu sun ɗauka ranar kasuwa."

Baba ya juya, muka fita. A hanyar komawa ya kama hannuna ya ce, "Uwata, kada ta ji." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Kwanakin da suka biyo baya a tsorace na yi su. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in tsaya ina kallon bakin mai shigowa. Na daina wasan gaɗa, na daina barin ƙannena su je tasha. A pampo na ji ƴan mata suna lissafin waɗanda suka yi ankon bikin ƴar mai unguwa, wata ta ce ai ba wuya, a duba wadda har yanzu take ɗaura shi. Na bar bokitina yana ambaliya ban sani ba. Gwaggo ta gwada karɓe zanen da sunan za ta ɗinke masa baki, Inna ta ce ba abin da ya sami bakinsa, a bar mata abinta. Kuma ko an ɓoye shi, masu dubiya sun riga sun gani, ɓoyewar ma ita za ta tabbatar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun nan da ke tashi a hankali kusa da kanta, tana bi da leɓɓanta, alhali a waje ana cewa da Littafin ta yi ƙarya. Na san in maganar ta shiga kunnenta ba za ta yarda a kai ta Yamai ba, ba za ta sake yarda wani ido ya ga jikinta ba, ko na likita.

Ranar Alhamis Gwaggo ba ta ɗora tukunya ba. Ta bi layinmu gida-gida tun hantsi, ba ta kuma ɗauke ni ba. Daga baya ta ce mini tsofaffi kaɗan ta faɗa wa gaskiya, sauran kuwa cewa kawai ta yi akwai ƴar'uwar da ke bukatar sutura, kowa ta fito da ankonta, kada a tambaye ta ko wace ce. Washegari da na fita ɗebo ruwa sai na tsaya da bokiti a hannu. Shuɗi mai fitilu a pampo, shuɗi mai fitilu a wajen niƙa, a bakin shagon mai gawayi, a bayan kabu-kabu. Duk layin ƙamshin adaka da turaren wuta yake. Wasu zanen ya yi musu kaɗan, wasu sun ba ƴaƴansu sun ɗaura, har mahaifiyar Zalika na gani da nata. Hajiya Biba mai kifi, wadda bakinta ba ya shiru, ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce duk saurayin da ke neman mai zanen nan ga ta, ya zo ya duba hammatarta in uwarsa ta ba shi izini. Ba su cire ba ranar, ba su cire ba makon. Mai son nuna yatsa sai ya nuna uwarsa ko gwaggonsa, sai maganar ta yi sanyi, wani sabon abin kallo ya zo ya rufe ta.

A ranar farkon nan, bayan sallar Juma'a, matan layinmu suka shigo dubiya, tsakar gidanmu ya cika da zane iri ɗaya. Ina tsaye bakin madafa ina kallo. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuya ta dubi na jikinta, ta daɗe. Sai ta ce, "Yau kuma bikin wa ake ban sani ba?" Gwaggo ta ce ba na kowa, kawai an gaji da ajiyar kaya asu na ci. Aka yi dariya, Inna ma ta murmusa. Da suka watse ta yi la'asar a zaune, na ji tana addu'a tana kiran sunan kowace mace da ta shigo, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ba ta tambaye ni komai ba. Bayan girbi ta shiga gaban kamiyon Baba aka tafi Yamai aka yi mata aiki, Allah ya ƙara mata shekaru har ta ga na ci jarrabawar brebe ta gama kolej. Har ta koma ga Ubangijinta ban san ko ta sani ba.

Yanzu rumfar Idi babu ita, kowa da ordinatarsa a tafin hannu. Ƴaƴana suna ɗaukar hoton komai, abinci, jariri, mara lafiya a gadon asibiti, su tura kafin in buɗe baki. Na ji ana cewa a rediyo duk abin da muka tura akwai inda ake tara shi, a wasu manyan injuna can wata ƙasa, ko mun goge yana nan. Idi dai mun san rumfarsa, mun je mun tsaya a kansa har ya goge. Waɗannan ban san ƙofar da Gwaggo za ta yi wa sallama ba. Wani lokaci in ina ninke kaya sai in ci karo da zanen a ƙasan adakata, fitilun sun koɗe, in yi tunanin wataƙila hoton yana nan a wani tsohon kart a Kamba ko a ƙetaren gada. Sai in roƙi Allah ya suturta matan layinmu, na raye da na ƙasa. Ban san ko yau za a sami zanen da zai ishi rufe mutum ɗaya ba.